Wa ya taɓa ɗaukar hoton ƙarin zuma a madubin likita?

Ɗan Samaru: Salam jama'a, dan Allah wanda ya taɓa gwadawa ya faɗa mana yadda ya yi. Jiya zuma ta harbe ni a hannu, na kankare ƙarin da farce na tafi da shi lab, na ɗora kan gilashi na kara kyamarar waya a bakin madubin. Da madubin ya girmama shi sau 40 tsinke kawai na gani, da na kai sau 100 sai ga haƙora a jere duk sun kalli baya kamar ƙugiyar kamun kifi, wallahi sai a lokacin na gane dalilin da in ya shiga fata ba ya fita har ya yage mata ciki ta mutu. Matsalata hoton, tsinin ya fito sauran duk dishi-dishi.

Maman Khairat: Ƙanena, haka hoton yake yi, kar ka tsaya kan hoto ɗaya. Ni na rina na ɗauka, hoto wajen 20, kowanne na ɗan murza fokas kaɗan sannan na haɗe su a kwamfuta. Ƙarin rina kusan sumul yake shi ya sa take harbi ta sake harbi. Ka rufe gilashin kuma, ƙurar hunturun nan ta ɓata min aikin yini guda, kowane ɗigo ya fito kamar dutse.

Malam na Tudun Wada: Abin da nake nuna wa ɗalibaina kenan, ƙarin nan asalinsa bututun saka ƙwai ne ya rikiɗe, don haka namijin zuma ba ya harbi sam. Ku samu macen fara ku duba bayanta, ƙahonni 4 gajeru masu tauri da take haƙa ƙasa da su ta zuba ƙwai. Mu a sifirit muke ajiye su kar su bushe.

Manomin Shika: Malam ni bututun saka ƙwai na ƙudan mangwaro ya ɗaure min kai, siriri kamar allura amma shi ke huda ɓawo, sai ka yanka ka tarar da tsutsa. Ana tsaka da ɗauka aka ɗauke wuta, da tocilan waya ta gefe na ƙarasa kuma ya fi fitowa ma.

Ɗan Samaru: Madalla, na gode. Anti wace manhaja kika haɗa hotunan da ita? Gobe zan nemo fara a bayan hostel.