Tablet ɗina na cewa in sabunta shi, in danna ko kada in taɓa?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tablet na Android da yayana ya ba ni shekara huɗu da suka wuce, yara na karatu da shi, ni kuma ina duba asusun banki a ciki. Jiya ina cikin karanta labari a intanet sai wani jan rubutu ya rufe allon, wai manhajata ta tsufa, in danna nan take ko in rasa hotunana. Har da agogo yana ƙirga sakan. Gabana ya faɗi, na kashe shi gaba ɗaya. Ga shi dama kwanan nan ya yi nauyi, sai na jira kafin abu ya buɗe. Ta yaya zan gane lokacin sabuntawa ya yi da gaske?

Mai Gyaran Waya:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kin kyauta da ba ki danna ba. Wannan tarko ne. Shafin intanet ba shi ke sabunta tablet ba, kuma saƙon gaskiya ba ya zuwa da barazana ko ƙirgen lokaci.

Ki shiga Saituna, ki gangara ƙasa, ki nemi wurin sabunta manhaja. A wasu yana ƙarƙashin Sistem, a wasu yana zaman kansa. Idan akwai sabo, nan zai nuna. Amma abin da na fi so ki duba shi ne shafin bayanin na'urar, inda aka rubuta lambar Android da kwanan watan facin tsaro na ƙarshe, wato gyaran da ke toshe kafofin da masu kutse ke bi. Tun 2015 Google ke fitar da wannan faci a kai a kai, sai dai kamfanin da ya ƙera tablet ɗin ne ke miƙo miki shi, in ya ga dama. Wannan kwanan watan shi ne abin dubawa. Ki faɗa mana abin da kika gani.

Tsohon Malami:
Ƙari a kan na Malam: 'yar'uwa, kada ki ɗora wa rashin sabuntawa laifin nauyin nan tukuna. Nawa ya taɓa yin haka, ashe bidiyon jikoki ne suka cika shi maƙil. Da na kwashe su, ya dawo garau. Kuma na'urar da ta cika ba ta ma iya sauke sabuntawar. Alamar da ni na yarda da ita ita ce manhaja ta ƙi buɗewa, ko Play Store ya ce na'urarki ba ta dace da ita ba. WhatsApp ma ya daina aiki a duk Android da bai kai na 5 ba tun 2023.

Uwar Biyu:
Na gode ƙwarai. Baba, ka canka daidai, saura kaɗan ya cika. Malam, na duba: Android 11 ne, facin tsaro kuma na 2022. Amma da na danna neman sabo sai ya ce komai na kan na ƙarshe. Ke nan lafiya lau?

Mai Gyaran Waya:
A'a Hajiya, a nan mutane da yawa ke ruɗewa. Abin da yake nufi shi ne kin karɓi na ƙarshen da kamfanin ya aiko, ba wai babu wanda ya fi shi a duniya ba. Shekaru ba faci, alama ce sun sallami wannan samfurin.

Ba a rasa komai ba dai. Daga Android 10 zuwa sama, Google na gyara wasu sassa kai tsaye ta Google Play, ki nemi wannan a ɓangaren tsaro ki danna. Sannan ki sabunta manhajojin da ke Play Store, musamman Chrome, don ta nan jan rubutun ya shigo. Ki yi a kan Wi-Fi, caja na jone, kada ya mutu a tsakiya. Karatun yara zai ci gaba da yi. Harkar banki kam, da ni ne, zan mayar da ita kan wayar da har yanzu ke samun faci.

Uwar Biyu:
To shi ke nan. Na cire ta bankin yanzu. Manhajoji 23 ne ke jiran sabuntawa, ban taɓa leƙa wurin ba.