Wai me aka yi wa wasan hoki ne?

Ɗan Samaru:
Salamu alaikum. Tambayata ga waɗanda suka taɓa riƙe gora. Jiya a wani gidan kallo nan Samaru, kafin a take ƙwallon Ingila, mai gidan ya bar mana tashar da ke maimaita hokin Olamfik na Paris 2024. Na buga ƙwallon gora a sakandare, amma wallahi ban gane wasan ba. Ɗan gaba na tsaye a bakin raga shi kaɗai, ba a busa satar gida ba. A yi wa mutum ƙeta, sai ya tsayar da ƙwallo ya ci gaba da abinsa. 'Yan wasa na shiga suna fita kamar ƙofar kasuwar Sabon Gari. Yaushe aka koma haka?

Tsohon Gola, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Ai ka daɗe rabonka da fili. Satar gida an gwada cire ta a 1996, aka soke ta ɗungurungum a 1998. Canjin 'yan wasa ba iyaka kuwa tun 1992 yake. Wanda ka gani na mutum ya ba kansa ƙwallo bayan busa, a 2009 ya shigo, kuma ni a ganina shi ne ya fi sauya wasan. Da can in aka busa, mu 'yan baya sai mu ja numfashi, mu jeru, har mu yi wa alƙalin wasa ƙorafi. Yanzu ka tsaya musu, kafin ka waiwayo ƙwallo tana raga. Minti 70 ɗin ma an mai da shi 60, kashi huɗu, kowanne minti 15.

Ɗan Samaru:
Na gode, Yaya. To amma ina 'yan yanka? Mu da muna kallon mai lanƙwasa mutum uku da gora ne.

Malamar Motsa Jiki, Kongo:
Ciyawar roba ce ta cinye su, ba doka kaɗai ba. Tun da aka buga Olamfik na Montiriyal 1976 a kanta, ƙwallo ta daina tsalle, gudu da ƙarfi suka yi gaba. Indiya mai zinare 8, rabonta da shi tun 1980. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne Calum Giles na Birtaniya: a Olamfik na 1996 zama yake a benci, sai an samu gajeriyar kwana, wato bugun hukunci da ake turowa daga layin baya kusa da raga, ya shigo a guje, ya jefa, ya koma ya zauna. Dole daga baya aka hana canji lokacin kwanar. Shi ya sa mai jefawar yanzu sai ya iya tare gida, irin su Harmanpreet Singh na Indiya da ya ci ƙwallo 10 a Paris.

Tsohon Gola, Tudun Wada:
Gaskiyarki, Malama. Sai dai kada ku manta da mu. In an yi kunnen doki, yanzu daƙiƙa 8 ake ba ɗan wasa ya taso daga layin mita 23, shi da gola ido da ido. 'Yan kallo na jin daɗi, gwiwar gola ce ke biya. Ƙanena, in yanka kake nema, zo filinmu ranar Asabar da yamma. Ƙasa ce da tsakuwa, ba mai iya doguwar miƙa. Ka taho da gorarka, namu duk sun sha ɗauri.