Konjen haihuwa bayan sezariyen, wa ta samu ƙarin kwanaki?

Maman Hamza, Ali Ɗan Sofo:
Salamu alaikum 'yan uwa mata. Ni malama ce a wata lakwal mai zaman kanta, sati biyar ke nan da anka yi mini aiki anka ciro ɗiyata, alhamdu lillahi tana lahiya amma ni har yanzu in na tashi daga tabarma sai na dafa bango, gehen ɗinkin yana ɗan ruwa. Konjena saura sati ukku ya ƙare kuma kabu-kabu nika hawa zuwa aiki, kun san hanyarmu da ramu. Don Allah wadda ta taɓa samun ƙari ba tare da an yanke mata albashi ba ta hwaɗa mini yadda ta yi.

Hajiya ta Zariya:
Barka da arziki ƙanwata, Allah ya raya. Dokar aiki ta Nijar ta 2012 sati 14 ta ba mace, takwas daga ciki bayan haihuwa, kuma ana iya ƙara sati ukku in likita ya tabbatar akwai ciwon da cikin ko haihuwar ta jawo. To nan mata suka kuskurewa, suna tsammanin da an ce sezariyen shi ke nan ƙarin ya zo da kanshi. A'a, sai da takarda. Ni a haihuwata ta ukku wurin ya kumbura, na koma wajen likitan da ya yi aikin ya duba ya rubuta sertifika da hatimi, na kai ma patron tun konjen bai ƙare ba, na riƙe fotokopi. Kada ki bari sai ranar komawa, kuma kada ki aika da baki, wai "a gaya ma direkta ban da lahiya", baki ba ya shiga dosiye.

Maman 'Yan Biyu:
Kahin komi tambayi ko sun yi miki rajista a CNSS, asusun ƙasa mai biyan ma'aikata haƙƙoƙinsu. Ni shekara huɗu ina riƙe da kes a wani shago, ana ce mini ana cire wani abu duk wata, sai da na haihu na nemi lambata na tarar babu ni babu sunana. Rabin albashin da ya kamata ya hito daga can ko dala ban gani ba, mai shagon ya aiko yaro da jika ashirin da sabulu sanda biyu ranar suna, kamar sadaka ya yi mini. Kwana talatin na koma ina zama kan tabure da zane ɗaure a ciki, uwata tana ta hwaɗa wai ko arba'in ban yi ba. Har yau in hunturu ya shigo wurin yana tsunkula ta.

Hajiya ta Zariya:
Wannan da inspeksiyon ta aiki kika kai shi wallahi, aikinsu ke nan. Kuma wadda ta kai shekara biyu a wuri guda patron ne ke cika sauran rabin.

Inna Mai Ɗinki:
Mu masu tela wa zai ba mu konje? Aikin sezariyen kanshi kyauta ne a likitar gwamnati tun zamanin shugaba Tandja, amma wata biyu ƙahwata ba ta taka keke ba, ga Salla ta matso, kayan mutane jibge a ɗaki. Adashina na ɗauka tun kahin lokacina, shi munka ci. Abu guda dai ɗiyata, kada tsohi su sa ki wankan jego da tahwasasshen ruwa bisa ɗinkin nan, kuma ruwan da kika ce yana hita kada ki jira, gobe-gobe ki koma a duba.

Maman Hamza:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Lambar CNSS ina da ita, shekarata ukku a wurin. Gobe da sahe Baban Hamza zai kai ni a duba, in an ba ni takardar shi zai miƙa. Hajiya, awa ɗayan nan ta shayarwa hwa, ita ma sai na rubuta?

Hajiya ta Zariya:
Haƙƙinki ne, awa guda a yini har yarinyar ta shekara. Amma rubuta, ki sa kwanan wata, a buga miki hatimi a kan taki.