Kalmar "Rago" Ta Hana Zaurenmu Barci

Ɗan Ƙofar Sauri: Assalamu alaikum. Yau sai na faɗa, wanda zai ji haushi ya ji. Shekaranjiya aka sako ɗan kawuna da ɓarayin daji suka ɗauke a wani ƙauye ta wajen Batsari. Kwana 23 ya yi a dajin Rugu. Sai da kawu ya sayar da shanun huɗa da gonar gado, aka haɗa masu da sabon babur, sannan suka sake shi, har yanzu ƙafa ba ta takuwa. Daren da suka shigo akwai maza sun fi arba'in a garin, ko gora ba wanda ya ɗaga. Abin da ya fi ƙona mani rai, wata biyu kafin nan ƙanin yaron ya ɗauki bindigar baushe zai tafi gona, aka tare shi a hanya aka ƙwace, ya kwana biyu a tsare. To ni na gama magana: duk magidancin da ke jihar Katsina yau bai aje bindiga a ɗakinshi ba, rago ne. Ya kamata gwamnati ta buɗe lasisi kowa ya mallaka. Kullum muna kirari, Katsinawan Dikko kunya gare ku ba dai tsoro ba. To ina rashin tsoron yake?

Maman Khalifa: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ba shi lafiya, ya mayar wa kawu da mafificin alheri. Amma ƙanena, janye kalmar nan. Mahaifina shekararsa saba'in da ɗoriya, bai taɓa riƙe bindiga ba, ya ciyar da 'ya'ya goma sha ɗaya da fartanya. Shi ne ragon?

Ɗan Ƙofar Sauri: Yaya, ban ambaci Baba ba.

Maman Khalifa: Ka ce "duk magidanci". Shi ba magidanci ba ne?

Tela Mai Zare: Ni tambaya gare ni. Wane ragon ake nufi, na layya ko na tabarma? In na layya ne a sa ni a layi, bana ya fi ƙarfin aljihuna.

Malamin Hausa: Tela ya yi raha amma ya taɓo gaskiya. A rubuce kalmomin iri ɗaya ne, a baki ne suka bambanta, shi ya sa wasunmu ke cewa raggo. Kuma asalin ma'anarta malalaci, wanda ba ya iya aikin ƙarfi. Mai jin tsoro kuwa matsoraci ne. Mai magana ya ɗauko kalmar da ba ta dace da nufinsa ba.

Ɗan Ƙofar Sauri: Malam, an ɗauke mani ɗan'uwa kai kana gyara mani nahawu?

Malamin Hausa: Kai ka zaɓi kalmar, ba ni ba.

Na Jibiya: Ku 'yan cikin birni ku yi ta nahawunku. Mai ɗaki shi ya san inda yake mashi yoyo. A garinmu Masari ya tsaya a watan Agustan 2021, yana gwamna, ya ce mutane su nemi makami su kare kansu. Zamfara ma a 2022 gwamnatin Matawalle ta ce jama'a su nemi lasisin bindiga. In gwamna da kanshi ya faɗa, mene ne laifin yaron nan?

Barista: Bari in sa baki kafin wani ya jefa kansa a kurkuku saboda hirar waya. Gwamna ba shi da ikon ba kowa izinin bindigar zamani, harkar makamai ta gwamnatin tarayya ce. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Na farko irin na yaƙi, su AK-47, waɗannan sai da sa hannun shugaban ƙasa, wato a aikace ba naka ba ne. Na biyu irin su mai baki biyu ta farauta, lasisinsu na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku na gargajiya da ake ɗurawa ta baki, adaka da danginta, su ma doka ta sa su ƙarƙashin izinin kwamishinan 'yan sanda. A watan Agustan 2023 kuma rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da sabon lasisi. Wanda aka kama da haramtacciyar bindiga yana iya shan shekara goma. Kare kai kuwa wani babi ne daban. Sashe na 33 na tsarin mulkin 1999 ya yarda da amfani da ƙarfi gwargwadon buƙata don kare rai ko dukiya, dokar laifuka ta Arewa, wato Final Kod, ma haka. Amma kalmar "gwargwado" ita ce tarkon. Ku tuna manomin nan na Adamawa da ya ƙwace wuƙar wanda ya kai masa hari a gona ya kashe shi da ita. A watan Maris na 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar masa da hukuncin kisa, a kan cewa tun da ya ƙwace makamin yana da damar gudu.

Na Jibiya: To Barista, ka ji ko? Doka ma so take mu zama ragwaye. "Yana da damar gudu."

Maman Khalifa: Ga shi nan an sake maimaita ta.

Tela Mai Zare: Ragwaye ko raguna? Malam a taimaka.

Malamin Hausa: Ragwaye. Ya yi daidai.

Barista: Na rubuta bayani mai tsawo, ba wanda ya ɗauki komai sai kalma ɗaya.

Alaramma: Salamu alaikum. A addinance kare kai halal ne, babu saɓani. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa shahidi ne. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa wani ya tambayi Manzon Allah (SAW) game da wanda ya zo ƙwace masa dukiya, aka ce kada ya ba shi, in ya yaƙe shi ya yaƙe shi. Sai dai hadisin bai kira wanda ya kasa da sunan banza ba. Kuma shi Annabin ne ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami ko da wasa.

Ɗan Ƙofar Sauri: Allah gafarta Malam, rabin farko na maganarka ya ishe ni.

Alaramma: Ai matsalar ke nan, kowa rabi yake ɗauka.

Baba Saja: Yaro, ni na yi shekara ashirin da biyu da kaki, na je Laberiya na dawo. Bari in tambaye ka, ka taɓa jin ƙarar harbi kusa da kunnenka? Harba-ka-ruga sunanta ya gama bayaninta. Ka harba sau ɗaya, kafin ka sake ɗura albarushi mai AK ya zazzage maka harsashi talatin. Su kuma ba ɗaya ke zuwa ba, babura ne bibbiyu da uku-uku a kai. Mazan ƙauyen kawunka da ka zaga, da sun fito da adaka biyar a daren nan, yau zaman makoki kuke, ba barka da arziki ba. Sannan bindiga a gida ba kamar adda ba ce da za ka jingine bayan ƙofa. Da idona na ga ta maƙera ta tsage a hannun mai ita ta tafi da yatsu uku. Na san gidan da aka bar ta a ɗure ƙarƙashin katifa, yaro ɗan shekara tara ya jawo ta yana wasa da ƙanwarsa. Ba zan ƙarasa ba. Wanda doka ta ba izini ma, ba a aje ta a ɗure, harsashi daban ita daban, a kulle inda yaro ba ya kaiwa, yatsa ba ya taɓa kunama sai an yi niyyar harbi, kuma ba a harbin motsi cikin duhu. Sau nawa aka harbe ɗan gida ya fito kama ruwa da dare?

Na Jibiya: Baba, da girmanka, wato mu miƙa wuya a yanka?

Baba Saja: Ban ce ba. Na ce a yi shi da tsari, da horo, da shugaba wanda za a tuhuma in an yi ɓarna. Ba don haka Dikko Radda ya ƙaddamar da dakarun tsaron al'umma a Oktoban 2023 ba? Mai jin shi ba rago ba ne ya je ya ba da sunanshi.

Ɗan Ƙofar Sauri: Ni ina da shago da iyali.

Maman Khalifa: Au! Su mazan ƙauyen ba su da iyali?

Tela Mai Zare: Hajiya ta ɗaure akuya.

Ɗan Malumfashi: Ku bar wasa. Mu mun ga abin da ido. A Unguwar Mantau mutanen gari sun yi ta maza, sun yi wa ɓarayin kwanton ɓauna. Ranar 19 ga Agusta 2025 suka dawo da asuba suka buɗe wa masallata wuta a cikin masallaci, gomman mutane suka rasu. Gwamnatin jiha da kanta ta ce ramuwar gayya ce. Waɗannan ba ragwaye ba ne, jarumai ne, amma da suka tashi ba wanda ya tsaya bayansu. Ni abin da ke ci mani rai ke nan.

Na Jibiya: Wannan hujjata ce ai. Da kowane gida da bindiga da ba su dawo ba.

Baba Saja: A'a, hujjata ce.

Bafulatanin Dutsin-ma: Tun ɗazu nike karantawa ban yi magana ba. Ana ta cewa kowa ya ɗauki bindiga, ba wanda ya ce wa za a harba. Mu an kore mana shanu sittin, ɓarayin ba su tambayi yarenmu ba. Bayan sati biyu 'yan sa-kai suka tare ƙanin babana a hanyar kasuwa don kawai sun gan shi da sanda da malafa. Har yau ba mu ga gawarshi ba. In bindiga ta shiga kowane ɗaki, irina ne farkon wanda za a gwada ta a kanshi.

Na Jibiya: Ai ku kuka san inda 'yan'uwanku suke.

Bafulatanin Dutsin-ma: Infoma da ke kai masu burodi da fetur da labarin wanda ya sayar da hatsi, a cikin ruga yake zaune ko a cikin gari?

Shugaban Zaure: A kiyaye harshe. Ba ƙabilanci a nan.

Ɗan Daura: Ni dai ina ganin a bar wa jami'an tsaro aikinsu. Ƙasar da kowa ke da bindiga ba ƙasa ba ce. Ku dubi Amurka, tun 1791 tsarin mulkinsu ya ba su 'yancin riƙe makami, ga shi nan yara na harbe juna a makaranta. Ku tuna mafarautan nan 16 da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a Maris 2025, bindigogin farauta da aka gani a motarsu aka fake da su.

Ɗan Ƙofar Sauri: Wa ya sa bakin 'yan Daura? Ku da kuke barci da munshari. Shekara takwas ɗanku na mulkin ƙasar nan, a lokacin aka kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020, shi kuwa yana Daura yana hutu.

Ɗan Daura: Bawan Allah ya riga mu gidan gaskiya, ka bar shi ya kwanta. Kuma wa ya ce maka ba ta taɓa mu ba? A watan Mayun 2019 har ƙofar gida aka zo aka ɗauki Magajin Garin Daura, sai bayan wata biyu aka kuɓutar da shi a Kano. Daura ta Abdu tushen Hausa ba ta san ragwanci ba. Mu muka kashe macijiya a Kusugu tun ba a san za a yi ku ba.

Tela Mai Zare: Baƙo ne ya kashe maku ita fa. Ku sai ranar Juma'a kuke samun ɗiban ruwa.

Ɗan Daura: Tela, ka ci albarkacin zumunci.

Jikan Gobarau: Duk wannan laifin APC ne. Sulhu a 2016, sulhu a 2019, me aka tsinta?

Mai Tsintsiya: Lokacin PDP ba a satar shanu ko? Ku ne ragwayen asali, shekara goma sha shida ba ku tsinana komai ba.

Jikan Gobarau: Maimaita in ka isa.

Maman Khalifa: Ni har yanzu jira nike a janye kalmar da aka jefi ubana da ita.

Ɗan Ƙofar Sauri: Yaya, na ce ban da tsofaffi.

Malamin Hausa: Ba ka ce ba. Na koma sama na duba.

Barista: Akwai wanda ke son jin yadda za a bi a nemo wa yaron da aka tsare haƙƙinsa, ko yadda unguwa za ta yi rajistar 'yan sintiri a hukumance? Kyauta zan yi.

Tela Mai Zare: Barista bari a gama shari'ar rago tukuna.

Shugaban Zaure: To jama'a, sha biyu ta gota, zan rufe zaure sai da safe. Ga taƙaitawa ga waɗanda ba su bi ba. Ɗan'uwanmu na Ƙofar Sauri ya kawo koke mai sosa rai, kuma a fahimtata mafi yawan 'yan zaure sun yarda da shi cewa lokaci ya yi da talaka zai daina zaman jiran tsammani. Alaramma ya tabbatar mana da hadisi cewa kare kai halal ne. Barista ya tabbatar da cewa sashe na 33 ya ba mu dama. Baba Saja, masani a harkar, ya koya mana yadda ake aje bindiga a gida. Ɗan Malumfashi ya ba da labarin jarumtar mutanen Unguwar Mantau. An ɗan samu saɓani kan wata kalma, wanda ni ban ga abin tada jijiyar wuya a ciki ba, don wanda ba rago ba ne bai kamata ta dame shi ba. Ni kaina a Safana aka haife ni, gidanmu na can ya zama kango tun 2020, don haka na san abin da nike faɗa. Baƙinmu na Daura muna godiya da shawara, Allah ya sa kada su ɗanɗana abin da muka ɗanɗana.

Baba Saja: Shugaba, ba haka na ce ba.

Barista: Ni ma.

Bafulatanin Dutsin-ma: Ni ko ambatona ba a yi ba.

Shugaban Zaure: An rufe. Gobe kowa ya tuna da kuɗin gyaran taransifoma, gida goma sha huɗu ba su biya ba.