Me za mu kira "native library" da Hausa?

1/ Jama'ar Jos masu rubuta manhaja, a taimaka. Muna haɗa wa ƙannenmu bayani kan gwaji mai sarrafa kansa, sai muka maƙale a kan "native library". Laburare dai bai yi ba, wanda ya ji sai ya hango littattafai.

2/ Ga abin da ake nufi. Manhajar Android da Kotlin ko Java ake rubuta ta, amma aiki mai nauyi kamar matse hoto, sau da yawa C ko C++ ake bar wa. Ana ƙera wannan ɓangaren ya koma umarnin da ƙwaƙwalwar inji ke ganewa kai tsaye, ya fito a fayil .so a Linux da Android, .dll a Windows, .dylib a Mac. Java ta hanyar JNI (Java Native Interface, abin da ke haɗa ta da C ko C++) take kiran sa.

3/ Wajen gwaji ake shan wuyarsa. Ƙwaƙwalwar wayarka irin ARM ce, ta injin da ke gwajin a GitHub Actions (inda ake gudanar da gwaji a intanet) kuwa galibi wani iri ne daban, x86_64. Ka ba shi .so ɗin da NDK (kayan ƙera C da C++ na Android) ta ƙera wa waya, sai ya watso maka kuskuren UnsatisfiedLinkError (wato ya kasa loda fayil ɗin) tun gwajin bai fara ba. Ko ƙwaƙwalwar ta zo ɗaya ba ka tsira ba: Android da Bionic take aiki, Ubuntu (Linux ɗin injin gwajin) da glibc, kowacce da nata tushen ayyukan C. Dole CMake (manhajar da ke tsara ƙirar) ta sake ƙera wani daban don injin gwajin.

4/ A kalmomin da muka gwada, rumbu ya fita, "rumbun bayanai" ya riga ya kama shi. Na kawo ƙunshi, wata yayarmu daga Bukuru ta ce ita lalle ta gani. Gaskiyarki, Yaya. Wani ya ce "ɗan ƙasa". A Jos? A bar wannan kurum.

5/ Wani Malam ya ce a sa "ƙerarre". Allah ya gafarta Malam, fayil .jar na Java ma ƙerarre ne, amma duk inda akwai JVM (manhajar da ke tafiyar da Java) zai tashi. Namu kuwa gida ɗaya ya sani: irin ƙwaƙwalwar da irin babbar manhajar (kamar Android ko Windows) da aka ƙera shi dominsu.

6/ Ni dai na tsaya a kan "dami ɗan gida", jam'i "dammuna 'yan gida". Dami, saboda ayyuka ne da yawa aka ɗaure wuri guda, kowace manhaja ta zari wanda take so. Ku gwada a baki: "Damin nan ɗan gidan ARM ne, a ƙera wa injin gwaji nasa."

7/ Saura JNI. Gada ko tafinta?