Saura Wata Uku Biki, Ana So Ƙanwata Ta Sha Maganin Ƙiba: Wa Ta Taɓa Gwadawa?

Yayar Amarya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, amma daga bakin wadda ta gani da idonta ko ta ji a jikinta. An sa ranar ƙanwata, bayan Babbar Sallah in Allah ya kai mu. Yarinyar siririya ce tun tasowarta, haka ginin gidanmu yake. Tun da aka kawo lefe gwaggonninmu suka sa ta a gaba, wai ɗinki ba zai zauna mata ba, wai dangin miji za su ce ba ma ba ta abinci. Jiya aka kawo mana mai gyaran jiki. Ta zazzage jaka: ƙwayoyi a ƙulle cikin farar leda, babu kwali babu suna, wani ruwan magani a kwalba, garin da ta ce na cika mazaunai ne, da wani man shafawa haɗinta da ta ce zai wanke yarinya cikin sati biyu. Umma ta ce kada a taɓa komai sai na bincika. Ita kuwa amaryar har ta fara jin kunyar cire hijabi a gaban baƙi. Don Allah wadda ta san wannan harka ta faɗa min gaskiya.

Maman 'Yan Biyu:
Wa alaikumus salam. 'Yar uwa, waɗannan ƙwayoyin na leda su ne sha-ka-fashe, na sha su kafin bikina. Satin farko sai yunwa. Ina nufin yunwar da za ta tashe ki tsakar dare ki ɗumama sauran tuwo ki ci a tsaye a kicin. Sai barci, ko ina na zauna gyangyaɗi. Kafin wata ya cika kowa na cewa masha Allah, amarya ta yi kumari.

To amma ki ji inda ƙibar ta je. Fuska ta kumbura ta yi zagaye har idona ya ƙanƙance, wani tudu ya fito min a bayan wuya, ciki ya turo. Hannu da ƙafa kuwa suna nan yadda suke, sai ma ƙara sirancewa. Mazaunan da aka sha maganin dominsu ko motsi ba su yi ba. Nankarwa ta keto min a ciki da cinya da hammata, manya-manya masu duhu, alhali ko ɓari ban taɓa yi ba a lokacin. Al'adata ta rikice. Da aka gama biki na ce ai an gama, na watsar da su rana ɗaya. Ba a yi kwana nawa ba na kasa tashi daga gado, ga amai, ga jiri, gwiwoyi ba sa ɗaukata. Dangin miji har sun fara murmushi suna cewa ciki ne. A asibiti ne likita ya kalli fuskata ya ce, "Me kike sha?" Nankarwar tana nan har yau, hotunan bikin kuma ba na son a buɗe su.

Anti Nas:
Sannu Maman 'Yan Biyu, Allah ya ƙara lafiya. Abin da kika kwatanta kusan kullum muna ganinsa. Yawanci magani biyu ake haɗawa a ledar nan. Ɗaya deksametazon ne, magani mai ƙarfi da likita ke bayarwa a kan asma mai tsanani, kumburi da wasu cututtuka, na ɗan lokaci kuma da lissafi. Ɗayan sifiroheftadin ne, asalinsa maganin ƙaiƙayi da borin jini, shi ne mai buɗe ciki da sa barci. Shi ne kuma a cikin ruwan maganin nan Apetamin da ake tallarsa a Instagram, wanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa a 2023, har da matsalar hanta a cikin abin da ta ambata.

Deksa ba nama yake sa wa mutum ba. Ruwa da gishiri yake riƙewa a jiki, ya kwashe kitse ya tara a fuska, wuya da ciki, ya kuma cinye tsokar hannu da cinya. Shi ya sa mai neman mazaunai take tashi da tumbi. In an daɗe ana sha yana tayar da suga da hawan jini, yana rage ƙarfin ƙashi, yana raunana garkuwar jiki har ƙaramin ciwo ya zama babba. Abin da ya kwantar da ke bayan biki kuwa, jiki yana da wani sinadari nasa da wasu ƙananan sassan jiki a saman ƙoda suke samarwa. In ya ga ana kawo masa daga waje kullum sai ya daina yin nasa. Ranar da aka yanke kwatsam, babu na waje babu na ciki. Wannan yana iya kisa, ba wasa ba.

Yayar Amarya, garin mazaunan ma ku yi hattara. Abin da ba a rubuta me ke ciki ba, babu lambar NAFDAC, ba ku da hanyar sanin ko an daka ƙwayar an zuba a ciki.

Uwargida Ran Gida:
Ni dai ƙawata ta sha kuma ta yi kyau abinta, ba abin da ya same ta. Ba kowane jiki ne ɗaya ba.

Anti Nas:
Allah ya ci gaba da tsare ta. Amma ki ce mata ta je a auna mata jini da suga ko da ba ta jin komai, don su biyun ba sa sallama kafin su shigo.

Hajiya Babba daga Damagaram:
'Ya'yana, son jiki ga amarya ba yau aka fara ba. A nan Nijar Zabarmawa har suna da hangandi, inda mata ke cin abinci na musamman don su yi ƙiba a yi gasa. Mu ma a zamaninmu ana tsare amarya a ɗaka. Amma me ake ba ta? Fura da nono mai kauri, kunun gyaɗa, dabino, romon kaza, man shanu a tuwo. A hana ta shiga rana da wahala, a yi mata dilka da kurkum da lalle, a turara ta. Wadda jikinta na ƙiba ne ta ciko, wadda ba na ƙiba ba ne fatarta ta yi sheƙi, a kai ta haka nan, kuma ba mu ji an dawo da kowa ba. Ki gaya wa gwaggonninku in ji ni, tela ake kai wa atamfa ya yanka daidai jikin mutum.

Yayar Amarya:
Allah ya ƙara girma Hajiya, saƙonku zai isa har da sunanku a kai, don ni ba zan iya faɗa musu da bakina ba.

Wani Ɗan Kwari:
A yi min afuwa na shigo zancen mata. Shi angon nan a siririyarta ya gan ta, ya yi ta zarya ƙofar gidanku, ya kai kuɗi. Wa ya ce muku canji yake nema? Sau da yawa mata ne ke ɗora wa junansu wannan nauyi, mu ba a ma tambaye mu ba.

Maman 'Yan Biyu:
Malam, a bar tone-tone. Ku ne kuke kwana kuna danna wa masu cikar jiki so a TikTok, matanku na gefe suna gani. Ni mijina bai ce in sha ba, gaskiya ne, amma da na kumbura ai yabawa ya yi, bai tambayi dalili ba.

Wani Ɗan Kwari:
Na karɓi wannan. Kuma mu ma ba mu tsira ba. A wurin ɗaga ƙarfen da nake zuwa akwai yaran da ake yi wa allurar ƙara ƙwanji a bayan shago. Ɗaya daga cikinsu ƙirjinsa ya fito kamar na budurwa mai tasowa, bayansa duk ƙuraje, yanzu ko singileti ba ya yarda ya tsaya da ita.

Siririyar Zariya:
Yaya, ni ce irin ƙanwarki, don haka bari in daɗe kaɗan. Kafin komai ku kai ta asibiti a duba dalilin ramar. Wani siranta gado ne, wani kuma tsutsar ciki ce, ko olsa, ko ciwon maƙoƙo mai ƙona abinci da sauri, ko suga, ko tarin fuka, wanda gwajinsa da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Wani kuma damuwa ce kawai, kuma amaryar da ake yi wa gorin jiki kullum ina za ta ga cin abinci? Ni da aka duba ni olsa aka samu. Ina gama magani cin abincina ya dawo da kansa.

Daga nan abin da na yi ba shi da tsada. Na daina zama da yunwa har azahar. Da safe ƙosai ko ƙwai da kunun gyaɗa. Tsakanin abinci da abinci awara, ko soyayyar gyaɗa da dabino, ko kindirmo da ayaba. Wake kusan kullum, ko ɗanwake ko alala ko garau-garau. Da dare kofin madara ko kunun aya. Lemon kwalba na rage, don cika ciki yake yi ya hana ki cin abin kirki.

Sai motsa jiki, wanda mutane suka yi ta yi min dariya a kai, wai mai neman ƙiba me ya haɗa ta da atisaye. Mazaunai tsoka ce, mafi girma ma a jikin ɗan Adam, kuma tsoka aiki ke gina ta. A ɗakina nake yi, ƙofa a rufe: in tsuguna kamar zan zauna a kujera in miƙe, in kwanta rigingine in ɗaga ƙugu sama in sauke, in hau matakala in sauko. Da na saba sai na riƙa rungumar jarkar ruwa ina yi. Ba a sati biyu ake gani ba, wata uku ma somawa ce. Ban zama wata mai jiki ba, har yanzu siririya ake ce min, amma siket yana zama, kuma ina hawa bene ba haki.

Malamar Firamare:
Ni tawa matsalar kishiyar taku ce, amma masu sayarwar su ɗaya ne. Bayan haihuwata ta uku na sayi shayin rage tumbi. Abin da yake yi kawai gudawa. Ashe yawancinsu ganyen filasko ne a ciki, ruwan jiki yake zubarwa, sikeli ya nuna kin ragu, ki sha ruwa kwana biyu ki koma inda kike. Wata rana ina tsaye gaban allo sai da na dafa tebur, zuciyata na bugawa ba daidai ba. Daga baya wata likita ta ce min akan samu wasu da sinadarin sibutiramin a ɓoye, wanda aka janye daga kasuwa a Turai da Amurka tun 2010 saboda bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Belin ɗaure ciki kuma numfashi kawai ya hana ni.

Abin da ya yi min aiki tafiya ce. Mu huɗu a unguwa muke fita bayan sallar asuba da hijabanmu, mu zaga mu dawo kafin yara su tashi. Ranar Asabar mukan je filin Murtala Square na Kaduna, nan za ki ga har tsofaffi suna zagaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 a sati, wato rabin awa sau biyar. Tuwon dare na rage malmala, na ƙara miyar ganye, zogale da rama. Wata maƙwabciya ta ce wai motsa jiki ba na matan kirki ba ne, na tuna mata Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha ta wuce shi, bayan shekaru da ta yi jiki suka sake ya wuce ta. Shiru ta yi, yanzu ita ke ƙwanƙwasa min ƙofa.

Amaryar Bara:
Kowa na maganar ƙwaya an manta da man. Don Allah kada ta shafa. Haɗin da aka yi min sati biyun farko na yi fes, daga nan gaɓoɓin yatsuna suka yi baƙi ƙirin, jijiyoyi suka fito kore a cinya, rana kaɗan fuska ta ɗau zafi. Ranar da na daina kuma ƙuraje suka feso. Likitan fata ya ce irin deksan nan ne na shafawa ake zubawa, wasu har da sinadarin makuri mai lalata ƙoda. A 2023 NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa baki ɗaya. Man kaɗanya da sabulun salo na koma, a hankali launina ke dawowa, yatsun ne suka ƙi.

Uwargida Ran Gida:
To masu kuɗi ai tiyata suke zuwa yi Legas ko Turkiyya, a ɗebi kitsen ciki a mayar baya, a huta.

Anti Nas:
Wannan tana cikin tiyatar kwalliya mafi haɗari, don in kitsen ya shiga jijiyar jini yana iya wucewa huhu ya toshe, a kan gadon ma a rasa mutum. Kuɗi kuma ba sa hanawa. Stella Obasanjo matar shugaban ƙasa ce a lokacin, a Sifen ta rasu a watan Oktoban 2005 bayan tiyatar cire kitse.

Baiwar Allah:
Anti, ni yanzu haka ina sha, na kusa wata biyu, kuma jikina ya yi sanyi da na karanta bayaninku. In zubar da su yau?

Anti Nas:
A'a ƙanwata, kada ki yanke da kanki. Gobe da safe ki ɗauki ledar yadda take ki je asibiti, ki faɗa wa likita tun yaushe kika fara da guda nawa kike sha a rana, kada ki rage ko ɗaya don kunya. Shi zai tsara miki yadda za a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan har jikinki ya koma yin nasa, ya kuma auna jini da suga. In kafin nan kika ji amai, jiri ko kasala mai tsanani, kada ki jira gari ya waye. Kuma in akwai yiwuwar kina da ciki, shi za ki fara faɗa masa.