Neman Shawara: Shekara Biyar Ina Rawa da Waƙa a Fim Ban Yi Fice Ba, Kakana Ya Ce In Binciki Rayuwar Shammi Kapoor

Mai neman shawara

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ni matashi ne mai shekara 26, kuma yau shekara biyar ke nan ina harkar fim a Kano, inda akasari ake kirana in yi rawa da mamin, wato bin waƙar da wani ya rera da motsa baki, a waƙoƙi, wani lokaci kuma a ba ni fitowa biyu ko uku a matsayin abokin jarumi. Sau uku aka ɗora ni a kan fim a matsayin jarumi, kuma duka ukun ba su yi kasuwa ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, duk wanda ya kalli rawata sai ya kama sunan wani babban jarumi da na taso ina kallo, ya ce shi nake kwaikwayo, har wani furodusa ya faɗa mini a gaban jama'a cewa ba zai biya kuɗin kwafi ba alhali na asali yana nan da ransa. Mahaifina kuma ya ba ni wa'adi zuwa bayan Babbar Sallah in dawo shagonmu na atamfa.

Kakana na wajen uwa ya ji muna wannan magana, sai ya ce kafin in yanke hukunci in je in binciki labarin jarumin fina-finan Indiya Shammi Kapoor, domin shi ma ya daɗe ana kiransa ƙanin wane kafin duniya ta san sunansa. Tsufa bai bar shi ya ba ni labarin daki-daki ba. Ina roƙon wanda ya san tarihin wannan jarumi ya bayyana mini shi, sannan ku ba ni shawara ko in haƙura in koma shago, ko in nemi mahaifina ya ƙara mini lokaci.

Amsar wani dattijo daga Fagge

Wa alaikumus salam. Ɗana, kakanka bai yi kuskure ba, kuma na san abin da ya tuna, domin mu ma a sinimomin Kano irin su Plaza da El Dorado muka san wannan mutum, a lokacin da ake kallo a fili, sama a buɗe, ana jiran duhu ya yi kafin a kunna majigi.

Sunansa na yanka Shamsher Raj Kapoor, an haife shi a Bombay ranar 21 ga Oktoba, 1931. Mahaifinsa Prithviraj Kapoor babban ɗan wasa ne mai ƙungiyar wasan daɓe da ake kira Prithvi Theatres, yayansa kuwa shi ne Raj Kapoor, ƙaninsa Shashi Kapoor. A 1948 ya shiga ƙungiyar mahaifinsa a matsayin ƙaramin ɗan wasa a kan albashin rupi 50 a wata, ya shekara huɗu yana bin su gari-gari kafin ya fito a fim ɗinsa na farko, Jeevan Jyoti, a 1953. Daga nan ne wahalar ta fara. Tsakanin 1953 da 1957 ya yi fina-finai fiye da 15, wasu ma tare da manyan jarumai mata irin su Madhubala da Nutan, amma kusan dukkansu suka faɗi. Yana da ɗan siririn gashin baki da irin kallon tausayi na yayansa, don haka masu sharhi suka riƙa cewa Raj Kapoor yake kwaikwayo. Da ya auri jaruma Geeta Bali a 1955, wadda a lokacin ta fi shi suna nesa ba kusa ba, sai laƙabin ya ƙaru, ya zama ɗan Prithviraj, ƙanin Raj, mijin Geeta. Ka auna yadda zuciyar namiji za ta ji a ce duk sunan da ake kiransa da shi na wani ne.

Sauyin ya zo a 1957 da fim ɗin Tumsa Nahin Dekha na Nasir Hussain. Ya aske gashin bakin, ya canza askin kansa, ya yar da wancan sanyin jiki, ya fito da rawar kai da kuzarin da dama can su ne halinsa na gaskiya a gida da cikin abokai. Bayan shekara huɗu, a 1961, Junglee ya fito mai launi, inda ya gangaro cikin dusar ƙanƙara yana kurma ihun nan na "Yahoo" da har yau ake tunawa da shi. Na rantse maka, a ranar da na kalli wannan fim sinima gaba ɗaya ta ɗauki ihun tare da shi, kuma mako guda yara suna yinsa a lungunan unguwarmu.

Shawarata ita ce ka ɗauki maganar furodusan nan da muhimmanci duk da cewa ya faɗe ta ba da ladabi ba. Ka zauna ka kalli waƙoƙinka guda goma a jere, ka rubuta duk motsin da ka san na aro ne, ka daina yinsa ko da shi ne wanda aka fi tafa maka a kai. Abin da ya rage bayan ka cire na aro, komai ƙanƙantarsa, shi ne naka, kuma a kansa za ka ɗora gini.

Amsar wani ɗan kasuwa daga Maraɗi

Ina girmama maganar Baba, amma ina ganin akwai gefen da ya kamata a nuna wa wannan ƙani namu don kada labarin ya ruɗe shi. Shammi Kapoor ya faɗi fiye da sau 15 aka ci gaba da kiransa aiki saboda ɗan gidan Kapoor ne, kuma ko da a ce ya daina samun ko sisi, akwai tuwo a gidan mahaifinsa da na yayansa. Kai fa, ƙanena, idan ka faɗi sau biyar wa zai sake kiranka? Ko shi kansa, da duk wannan gata, an ruwaito cewa kafin fim ɗin 1957 ya fara tunanin barin harkar ya tafi jihar Assam ta Indiya ya kama aiki a gonar shayi idan wannan ma ya ƙi karɓuwa. Wato shi ma ya tanadi inda zai dafa. Kai naka madafar tana hannunka, ga shago, ga uba mai son ka gaje shi. Ban ce ka bar fim ba, amma kada ka saki reshe ka kama ganye. Mu a nan Maraɗi muna kallon fina-finan Kano sosai, kuma mun ga matasa da yawa da suka haska shekara biyu suka ɓace, ba sana'a ba jari.

Amsar wata malamar wasan kwaikwayo daga Zariya

Ƙanena, akwai abu guda da masu ba da labarin wannan jarumi suke yawan tsallakewa, kuma a ganina shi ne ya fi shafarka kai da aikinka ya dogara ga mamin. Mutane suna cewa Shammi Kapoor ba ya bin mai koyar da rawa, shi yake ƙirƙirar motsinsa a gaban kyamara, kuma galibi haka ne. Sai dai matasa sukan fahimci wannan a matsayin cewa baiwa kaɗai ta isa, ba sai an sha wahalar koyo ba, alhali kuwa abin ba haka yake ba. Mutumin ya yi shekara huɗu a kan daɓe a gaban 'yan kallo masu rai, inda babu damar a yanke a sake, sannan yana da kunnen kiɗa ƙwarai.

Mafi yawan waƙoƙinsa Mohammed Rafi ne ya rera su, kiɗan kuma sau da yawa na Shankar da Jaikishan ne, wasu na O. P. Nayyar, daga baya R. D. Burman ya yi masa na Teesri Manzil a 1966. Al'adarsa ce ya halarci ɗaukar waƙa a situdiyo, ya zauna ya saurara, ya bayyana wa Rafi yadda yake shirin motsawa a kan wani baiti, shi kuma Rafi ya lanƙwasa muryarsa ta dace da wannan motsi. Shi ya sa idan ka kalli waƙarsa a Kashmir Ki Kali na 1964, inda yake cikin kwalekwale a tafkin Dal yana yabon jaruma Sharmila Tagore, ba za ka taɓa zaton muryar wani ce ba. Ka lura da kyau za ka ga ƙafarsa ba ta yin wani abin mamaki. Aikin yana wuyansa da kafaɗarsa da girarsa, kuma kowane ɗan girgiza kai yana sauka daidai kan bugun kiɗa ko kan kalmar da ke ɗauke da ma'anar baitin. Waƙar yake wasa da ita a matsayin magana, rawar ta biyo baya.

To, tambayar da zan yi maka ita ce, sau nawa ka taɓa zuwa situdiyo lokacin da ake buga waƙar da za ka hau? Na san yadda aka saba a wurinmu, a tura wa jarumi waƙa a waya da daddare, da safe ya iso lokeshan ya haddace baiti biyu, a ce ya yi rawa. Duk wanda ya yi haka dole ya koma ga motsin da ya gani a wurin wani, domin bai samu lokacin da waƙar za ta shiga jikinsa ba. Ka nemi mawaƙi guda wanda muryarsa ta dace da fuskarka, ku ƙulla abota, ka riƙa zama da shi tun daga rubuta baiti har zuwa haɗa kiɗa, ko da ba a biya ka kuɗin wannan zama ba. Idan kuma akwai ƙungiyar wasan daɓe kusa da kai, ka shiga, ka karɓi ƙaramin matsayi ba tare da jin kunya ba.

Amsar wani ma'aikacin sashen gashin ƙashi

Ni ta fuskar aikina zan yi magana. Irin rawar da wannan jarumi ya yi tana da farashi, kuma ya biya. Tsalle ne, da faɗuwa, da birgima a kan dutse da ƙanƙara, har a An Evening in Paris na 1967 ya yi waƙa yana lilo daga jirgin sama mai saukar ungulu. Ya ji raunuka a gwiwa fiye da sau ɗaya, ƙiba ta biyo baya, kuma Andaz na 1971 yana cikin fina-finansa na ƙarshe a matsayin jarumin soyayya, lokacin bai wuce shekara 40 ba, tauraron Rajesh Khanna kuma ya riga ya fito. Idan ka lissafa daga 1957, shekara 14 ke nan kacal. Ga kuma rashin matarsa Geeta Bali da ciwon agana ya ɗauke a 1965 ana tsakiyar aikin Teesri Manzil, ta bar masa yara biyu ƙanana.

Abin da ya cece shi shi ne ya iya wasan kwaikwayo na haƙiƙa ban da rawa. Ya karɓi kyautar Filmfare ta gwarzon jarumi da Brahmachari na 1968, bayan ya koma fitowa a matsayin uba da dattijo kuma ya sake karɓar ta mataimakin jarumi da Vidhaata na 1982. Ya ci gaba da aiki har zuwa Rockstar, wanda ya fito bayan rasuwarsa a ranar 14 ga Agusta, 2011, bayan ya shafe shekaru ana yi masa wankin ƙoda. Don haka ka kula da gwiwarka tun yanzu. Ka ɗumama jiki kafin a fara ɗauka, kada ka yi tsalle a kan siminti da takalmi mara taushi, kuma duk kumburin da ya kwana uku bai sauka ba ka kai shi asibiti, kada ka tsaya ga man zafi. Sannan waɗancan fitowa biyu ko uku na abokin jarumi da kake rainawa, ka riƙe su da kyau, domin su ne za su ciyar da kai ranar da ƙafa ta gaji.

Amsar wata uwa daga Katsina

Ɗana, duk sun yi maka maganar sana'a, ni ta mahaifinka zan yi. Kada ka je masa da labarin wani Ba'indiye kana neman ka ka da shi a muhawara, domin ba zai saurare ka ba. Ka sami kakan nan naka da ya fara kawo maganar, ka roƙe shi ya yi maka jagora, tunda surukinsa ne kuma zai ji nauyinsa. Ka je da tsari a bakinka, ka ce kwana kaza a mako kana shago, kwana kaza kana wajen aiki, kuma ka faɗi lokacin da idan ya cika ba a ga canji ba za ka dawo da kanka ba sai an kira ka ba. Ka kuma tabbatar masa irin waƙar da za ka hau da irin shigar da za ka yi ba za su sa ya sunkuyar da kai a masallacin unguwa ba, don ina kyautata zaton wannan ne ya fi damunsa, ko da bai furta ba. Allah Ya yi maka albarka, Ya zaɓa maka mafi alheri.

Mai neman shawara ya dawo

Amin, Mama, na gode. Na gode Baba da sauran yayyena, Allah Ya saka da alheri. Daren jiya na yi abin da Baba ya ce, na kalli waƙoƙina goma da biro a hannu, kuma na tarar motsi biyu ne kawai zan iya rantsuwa nawa ne, ɗaya ma a wajen bikin abokina na fara yinsa ba a gaban kyamara ba. Malama, amsar tambayarki ita ce ban taɓa zuwa situdiyo ba ko sau ɗaya, amma na kira wani mawaƙi da muka yi makaranta tare, ya ce in zo ranar Talata yana da waƙar da zai fara. Kakana ya amince zai raka ni wurin mahaifina ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, kuma abin da zan roƙa shi ne kwana huɗu a shago, kwana uku a wajen aiki, na tsawon shekara guda. Yayana na sashen gashin ƙashi, gwiwata ta hagu takan yi ƙara idan na durƙusa, amma ba ta kumbura kuma ba ta ciwo, ko ita ma sai na kai ta an duba?